Matata ko Sabon Bututu: Zaɓin Mai Gida Idan Dalma Ta Shiga Ruwan Famfo

Mai gidan da ya tabbatar, ko kuma yake da dalilin zargin, cewa ruwan famfonsa yana ɗauke da dalma, manyan hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya ɗaura matata a bakin famfo domin ta riƙa tsame gubar kafin ruwan ya kai ga kofi da tukunya, ko kuma ya cire bututu da kayan haɗin da ke zubar da ita, ya maye gurbinsu da waɗanda ba su da dalma. Akwai wasu ƙananan dabaru a tsakani, kamar barin famfo ya zuba na ɗan lokaci da safe, ko komawa ga ruwan leda da na gora, amma dukkansu na riƙon ƙwarya ne. A ganina matata kariya ce ta wucin gadi wadda ƙarfinta bai wuce kulawar mai ita ba, canza bututu kuwa shi ne ke kashe matsalar daga tushe, sai dai canjin da aka yi rabi da rabi yana iya zama asarar kuɗi, har ma ya ƙara yawan dalmar na wani lokaci. Wanda za a fara da shi ya danganta da inda dalmar take fitowa, da wanda ke shan ruwan, da kuma ko gidan na mutum ne ko na haya.

Ba kasafai ruwa yake baro madatsa, ko matatar hukumar ruwa, ko ƙasan rijiyar burtsatse da dalma mai yawa ba. A kan hanya yake kwaso ta, kuma wurare huɗu aka fi samun ta. Akwai bututun da aka ƙera da zallar dalma, wanda a tsofaffin biranen Turai da Amurka ake jawo ruwa da shi daga babban bututun titi zuwa cikin gida. Akwai ƙarfen liƙi da ake narkawa a haɗa gaɓoɓin bututun jan ƙarfe, wanda a da rabinsa dalma ne rabinsa kuza. Akwai tagulla, ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa da ake yin kan famfo da bawul da gwiwar haɗi da shi, wanda maƙera ke zuba masa dalma domin ya yi sauƙin yanka da sarrafawa. Sai kuma bututun ƙarfe mai rufin tutiya, wato galbanaiz, wanda rufinsa kan zo da 'yar dalma, tsatsar cikinsa kuma tana kama wadda ta taho daga wani wuri ta ajiye, ta riƙa sakin ta daga baya. Abin da ke hana waɗannan ƙarafa zubar da gubarsu kullum shi ne wani siririn ɓawo da ke taruwa a bangon bututu a hankali, kamar shafen siminti a cikin rijiya, ya raba ruwa da ƙarfe. Ruwa mai tsami, ko mai ƙarancin ma'adinai, ko mai yawan gishirin kuloraid yana cinye ɓawon. Zafi yana hanzarta cin. Girgizar tonon hanya tana ɓantaro shi. Ruwan da ya kwana a tsaye cikin bututu kuma shi ya fi samun lokacin kwasar dalma.

Dalma ba ta sauya launin ruwa, ba ta da wari, harshe kuma ba ya kama ta, don haka ruwa garai-garai yana iya ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin maikirogiram 10 a kowace lita (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), wannan ne kuma adadin da ke cikin ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya. Kanada ta sauke nata zuwa 5 a 2019, Tarayyar Turai kuma ta tsayar da 2036 a matsayin wa'adin kaiwa 5. Amma ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa, ta raunin fahimta da wahalar mayar da hankali, ba ta gyaruwa. A wajen manya tana haddasa hawan jini da ciwon ƙoda, tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, sannan ta fito ta shiga jini lokacin goyon ciki ta kai ga ɗan tayi. Mutanen arewacin Najeriya sun san gubar dalma tun 2010, lokacin da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, amma waccan daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, da yawa kuma a lokaci guda. Ta famfo ba ta kayar da yaro da jijjiga cikin mako guda. Kaɗan-kaɗan take shiga, shi ya sa ake raina ta.

Birnin Flint na jihar Michigan ta Amurka ya gwada hanyoyin nan biyu bi da bi, don haka abin da ya same shi ya dace a fara da shi. A watan Afrilun 2014, domin rage kashe kuɗi, mahukunta suka daina karɓar ruwa daga Detroit suka koma ɗiba daga Kogin Flint, ba tare da zuba sinadarin otofosfet da ke riƙe ɓawon kariya ba. Ruwan kogin ya fi cin ƙarfe, har kamfanin General Motors ya daina amfani da shi a masana'antar injinansa a watan Oktoba na wannan shekara saboda yana lalata masa kaya, alhali jama'a kusan 100,000 suna ci gaba da sha. A Satumban 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta bayyana alƙaluman da suka nuna cewa yawan ƙananan yara masu dalma fiye da ƙima a jini ya kusan ninkawa. Wata guda bayan haka aka koma ruwan Detroit, amma bututun sun riga sun ɓare, komawar kuma ba ta mayar da ɓawon nan take ba. Abin da ya tsare mutane a watannin farko shi ne ruwan gora da matatu. Abin da ya kawo ƙarshen haɗarin gida bayan gida kuwa shi ne tonon bututun, wanda ya ɗauki shekaru.

Babban ƙarfin matata shi ne sauri. A rana ɗaya ake sayen ta a ɗaura, ba a fasa bango, ba a tona tsakar gida, ba a neman yardar mai gidan haya, kuma ba ruwanta da inda dalmar ta fito, domin a bakin ƙarshe take tsayawa ta tare wadda ta zo daga titi da wadda ta zo daga cikin gida baki ɗaya. Gwajin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi a Flint a 2016 ya nuna cewa matatun da aka ɗaura daidai sun sauke dalma ƙasa ƙwarai, har a gidajen da ruwansu ya zarce adadin da aka gwada matatun a kai tun asali. Ga gidan da ke da jariri mai shan madarar gwangwani wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙiyasin hukumar ya nuna cewa irin wannan jariri yana iya samun kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na dalmar da ke shiga jikinsa daga ruwan da ake dama masa madara da shi.

Sai dai ba kowace matata ce ke cire dalma ba, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara. Iri biyu ne aka tabbatar. Akwai mai dunƙulen gawayi na musamman da aka matse, wadda ake ɗaurawa a bakin famfo ko a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ko kuma ta zo a siffar jug; alamar shaidar gwaji da ake nema a jikinta ita ce NSF/ANSI 53, kuma dole ne a ga an ambaci dalma ƙarara a cikin abubuwan da aka gwada ta a kai, domin lambar kaɗai tana iya nufin an gwada ta ne a kan wata guba dabam. Akwai kuma na'urar da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata mai ƙananan ƙofofi, wadda ake kira RO, mai alamar NSF/ANSI 58. Ta biyun ta fi tsamewa sosai, amma ta fi tsada, tana zubar da lita da dama a kan kowace lita ɗaya da ta tace, kuma tana buƙatar matsin ruwa mai ƙarfi. Gidan da ruwansa ke gangarowa daga tankin da ke kan ɗan gajeren gini ba zai samu wannan matsin ba sai da ƙaramin injin turawa, shi kuma injin sai da wutar lantarki. A irin wannan gida matata mai gawayi a siffar jug ta fi dacewa, ko da yake ita ma takan toshe da wuri idan ruwan yana zuwa da laka.

Dabarun da aka saba da su wajen gyara ruwa ba sa shiga wannan lissafi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba ta tashi da tururi, sai ma ta ƙara kauri a cikin ruwan da ya rage a tukunya. Alif yana kwantar da laka, ƙyalle yana tare datti, kulorin yana kashe cuta, matatar nan mai farar sandar yumɓu kuma don ƙwayoyin cuta aka yi ta. Babu ɗaya daga cikinsu da za a dogara da shi a kan dalmar da ta narke a ruwa.

Raunin matata ya fito fili a birnin Newark na jihar New Jersey. Bayan da dalma ta zarce ƙa'ida a can tun daga 2017, hukumar birnin ta raba matatu dubbai kyauta. A Agustan 2019 aka gwada gidaje uku, aka tarar a biyu daga cikinsu ruwan da ya bi ta matata har yanzu yana da dalma fiye da ƙima, nan take aka koma rabon ruwan gora. Gwaji mai faɗi da ya biyo baya ya nuna kashi 97 cikin 100 na matatun suna aiki, adadin kuma ya kai 99 idan an bar famfo ya zuba minti biyar kafin a tace. Wannan sakamako ne mai kyau, amma ya nuna cewa ko a inda hukuma ke rabawa tana kuma sa ido, akwai gidajen da ke zamewa. A gidan da babu mai sa ido sai mai shi, hanyoyin zamewa sun fi haka yawa. Sandar gawayin tana da iyakar litar da za ta iya tacewa, idan ta cika kuma ba ta nuna alama a ɗanɗano, ruwa yana ci gaba da fitowa fes alhali dalma tana wucewa. Ruwan zafi yana lalata ta. Famfo ɗaya kaɗai take karewa, yaro mai ƙishi kuwa daga famfon da ya fi kusa da shi yake sha, ko na tsakar gida ne ko na banɗaki. Sannan akwai matsalar samun sabuwar sanda ta gaske a kasuwa, domin matatar da aka sayo daga waje ba tare da tabbacin inda za a riƙa samun 'yan cikinta ba, amfanin 'yan watanni kawai za ta yi. Kuɗinta a ranar farko kaɗan ne, amma kuɗi ne da ba ya ƙarewa muddin tushen dalmar yana nan.

Canza bututu ya saɓa wa matata ta kusan kowace fuska: yana da tsada a farko, yana ɗaukar lokaci, yana tayar da ƙura, amma idan an gama an gama, kuma kariyarsa ba ta jiran kowa ya tuna da ita. Birnin Madison na jihar Wisconsin ya cire bututun dalma kimanin 8,000 cikin shekaru goma da wani abu daga 2001, Lansing ta jihar Michigan ta kammala cire sama da 12,000 a ƙarshen 2016, ita kuwa Newark, bayan darasin matatu, ta cire sama da 23,000 cikin ƙasa da shekara uku ba tare da karɓar ko sisi daga mazauna ba, har ta yi dokar da ta ba ma'aikata damar yin aikin ko da ba a samu mai gidan haya ba. A matakin ƙasa, Amurka ta ware dala biliyan 15 domin wannan aiki a 2021, sannan a Oktoban 2024 ta fitar da ƙa'idar da ta ba mafi yawan hukumomin ruwa shekara 10 su cire bututun dalmar da suka rage, waɗanda aka ƙiyasta a lokacin sun kai kimanin miliyan 9. Ƙasar da ta shafe fiye da shekara talatin tana dogara da sinadarin hana tsatsa da matatu, ƙarshe ga tono ta koma, kuma a ganina wannan hujja ce mai nauyi.

Amma akwai tarko biyu a wannan hanya. Na farko shi ne canjin rabi. A birnin Washington, bayan da sauya sinadarin kashe cuta daga kulorin zuwa kuloramin a ƙarshen 2000 ya narkar da ɓawon bututu, dalma ta yi ta hauhawa har asiri ya tonu a farkon 2004, sai hukumar ruwa ta shiga canza ɓangaren bututun da ke ƙarƙashin titi ta bar ɓangaren da ke cikin filin mai gida. Yanka tsohon bututu yana zubo ɓarɓashin dalma, haɗa dalma da sabon jan ƙarfe kuma yana sa dalmar ta fi saurin ciyuwa a wurin haɗin. Binciken cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano cewa wannan canjin rabin bai rage haɗarin ga yaran gidajen ba. Haka nan wanda ya canza bututun waje ya bar tsohon galbanaiz a cikin bango, ya bar rumbun dalma a gidansa, domin tsatsar za ta ci gaba da sakin abin da ta tara. Shi ya sa ko bayan cikakken canji ake ba mutane matata su yi amfani da ita na watanni shida, kafin ɓarɓashin da aikin ya tayar ya gama fita.

Tarko na biyu shi ne ɗauka cewa sabon kaya ba ya da dalma. A 2015 aka gano dalma fiye da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan rukunin gidajen Kai Ching da ke Hong Kong, gidajen da ba su wuce shekara biyu da tarewa ba, bincike kuma ya kai ga rukunin gidajen gwamnati 11. Musabbabin shi ne ƙarfen liƙi mai dalma da 'yan kwangila suka haɗa bututun jan ƙarfe da shi. A Amurka ma, dokar 1986 da ta haramta bututun dalma ta bar tagulla mai dalma har kashi 8 cikin 100 tana shiga kasuwa a matsayin mara dalma, sai a 2014 aka sauke adadin zuwa kashi 0.25. Kayan da ake ƙerawa domin kasuwannin da ba su da irin wannan doka, ko ba a tsaurara ta, babu abin da ya tilasta musu bin wannan adadi.

A nan ne lissafin yankinmu ya bambanta da na Flint. A 2021 masu bincike daga Jami'ar North Carolina suka wallafa sakamakon gwajin famfunan tuƙa-tuƙa da famfunan unguwa 261 a karkarar Gana da Mali da Nijar. Kashi 9 cikin 100 na samfurorin ruwan sun zarce maikirogiram 10, kuma da suka kankaro ƙarafan da aka haɗa famfunan da su, sai suka tarar mafi yawan wuraren suna da aƙalla abu ɗaya mai dalma fiye da kashi 0.25, tagulla ce kuma kan gaba. Ma'ana, abin da aka samu a can ba dogon bututun dalma ne binne a ƙasa ba, 'yan ƙananan kayan haɗi ne da hannu ke iya kaiwa gare su. Wannan ya karkata ma'auni zuwa ga canji ƙwarai, domin a Amurka cire bututu ɗaya yana cin dubban daloli da tonon titi, a irin wannan yanayi kuwa aikin na iya zama kwance kan famfo biyu ko uku, da bawul ɗin ƙasan tanki, da 'yan gwiwoyi, aikin yini ɗaya ga mai gyaran famfo, kuɗinsa kuma yana iya gaza na sandunan matata na shekara biyu.

Mai gida zai iya fara binciken da kansa, da tsabar kuɗi ko mabuɗi da ɗan maganaɗisu. Ya je inda bututu ya shigo gida ya kankare shi kaɗan. Idan toka-toka ne mara ƙyalli, mai laushi, wurin kankarar ya fito fari yana walƙiya, maganaɗisu kuma ya ƙi kamawa, to dalma ce. Idan maganaɗisu ya manne, galbanaiz ne. Idan ya fito ja-ja, jan ƙarfe ne, sai a duba gaɓoɓin liƙinsa. Kan famfo kuwa yana yaudarar ido, domin yawancin masu ƙyalli kamar azurfa rufi ne kawai aka yi musu. Idan aka kwance aka leƙa cikin zaren murɗin aka ga ruwan ɗorawa, tagulla ce. A bakin famfunan zamani akwai wata 'yar raga da ake murɗowa ta fita, kuma wanda ya kwance ta ya juye a kan farar takarda zai ga baƙaƙen ƙwayoyi da jajayen ɓarɓashi da ta tara. A cikinsu ne ɓarɓashin dalma ke maƙalewa yana narkewa a hankali, don haka wanke ta lokaci-lokaci wajibi ne ko wace hanya aka zaɓa.

Wanda ya yanke shawarar canji kuma yana da wani zaɓin a gabansa, na abin da zai sa. Galbanaiz yana da ƙarfi, yana jure rana da duka, amma shi ne mafi rauni a gaban ruwa mai tsami, kuma ban ga dalilin sa shi a sabon layin ruwan sha ba. Jan ƙarfe yana daɗewa, sai dai yana da tsada, amincinsa kuma ya rataya ne a kan ƙarfen liƙin da mai aikin ya yi amfani da shi, abin da mai gida ba zai iya tantancewa da ido ba bayan an rufe bango. Bututun roba na PVC shi ne mafi araha, ba ya tsatsa, amma wasu masana'antu suna zuba masa sinadarin dalma domin ya jure zafi lokacin ƙira, rana kuma tana busar da shi ya riƙa tsagewa. Idan za a sa shi, a nemi wanda aka yi domin ruwan sha, kada a karɓi na magudanar ƙazanta ko na jan wayar lantarki don ya fi sauƙi. Bututun PPR, wanda ake haɗawa da narkarwa, da baƙin bututun HDPE, ba a buƙatar dalma wajen ƙera su, kuma su na fi kwanta wa rai da su. Amma ko PPR yana da gaɓoɓi masu zaren tagulla a inda zai haɗu da famfo, saboda haka a rage yawansu gwargwadon iko, famfon da ake ɗiban ruwan sha da girki kuma a sa na ƙarfen silba da ba ya tsatsa, ko na roba mai kyau.

Dabarar barin famfo ya zuba ba ta cin kuɗi, tana kuma aiki sosai idan dalmar daga kan famfo ko gaɓoɓin da ke kusa take fitowa, domin cikin ɗan lokaci ruwan da ya kwana zai fita. Ba ta da tabbas a kan ɓarɓashin da ke ɓantarowa ba zato, kuma a unguwar da ruwa ke zuwa sau biyu a mako zubar da shi ba abu ne mai sauƙi ba, sai dai a tara na farkon a bokiti domin wanki da wanka, tunda fata ba ta tsotsar dalmar ruwa yadda hanji ke yi. Yankewa da dawowar ruwa ita kanta tana girgiza tsatsa, don haka jan ruwan nan da ke fara fitowa idan an kawo ruwa bai kamata ya shiga randa ko tankin sha ba. Ruwan leda da na gora kuwa mafita ce ta 'yan makonni, musamman domin madarar jariri, amma da wuya iyali su iya girki da shi na dogon lokaci, kuma amincinsa ya dogara ga kayan da masu yin sa ke tacewa da su.

Gwajin ruwa ne ke raba gardama tsakanin hanyoyin biyu, in an yi shi yadda ya kamata. A bar famfo bai motsa ba aƙalla awa shida, a tari litar farko a kwalba mai tsabta, sannan a bar shi ya zuba na wasu mintuna a tari ta biyu, a kai su ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa. Idan ta farko ce mai dalma ta biyu kuma ta sauka, laifin na kan famfo ne da kayan haɗin cikin gida, canji kuma zai yi arha ya kuma wadatar. Idan ta biyun ma tana da yawa, tushen yana can nesa, a layin da ya shigo gida ko a kayan rijiyar burtsatse, matata kuma ta zama dole har zuwa lokacin da za a kai ga tushen. Gwaji ɗaya mai kyau ba ya wanke gida gaba ɗaya, domin ɓarɓashi yau ya fito gobe bai fito ba, gidan da ke da ƙananan yara kuma aka samu dalma a ruwansa ya kamata a gwada jininsu a asibiti.

Ɗan haya, wanda bango ba nasa ba ne, matata mai shaidar gwaji ce hanyarsa, tare da canza kan famfon girki da kuɗinsa in ya samu dama, domin duka biyun zai iya kwancewa ya tafi da su. Mai gidan kansa da ya samu dalma ya sa matata a makon farko, ya tsara canji cikakke daga bakin shigowar ruwa har famfon ƙarshe, kada ya yi shi guntu-guntu, ya kuma ci gaba da tacewa na watanni bayan an gama. Mai sabon gini shi ne ya fi kowa sa'a, domin bambancin kuɗi tsakanin kaya masu dalma da marasa ita ƙanƙani ne idan aka kwatanta da fasa tayil daga baya. Makaranta da asibiti kuwa, inda ruwa ke kwana a bututu duk ƙarshen mako da lokacin hutu, kuma babu wanda zai tuna da ranar canza sandar matata a famfo goma, canji ne kaɗai ya dace da su. Haka ma famfon tuƙa-tuƙa na unguwa, wanda ɗaruruwan mutane ke ɗiba daga gare shi: ba za a iya ɗaura masa matatar gida ba, don haka kwamitin da zai ba da aikin haƙa ko gyara ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa idan ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, ya gaza 6.5, alamar ruwan yana da tsami ke nan, ba za a zura galbanaiz a rijiyar ba sai roba ko silba, cewa duk tagullar da za ta taɓa ruwa kada dalmarta ta wuce kashi 0.25 cikin 100, kuma ba za a biya cikon kuɗin ɗan kwangila ba sai an kawo takardar gwajin ruwan da aka tara bayan famfon ya kwana bai motsa ba.